Kaushin da Nomau Ya Goge

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Nomau maƙeri, mutumin Bambeye. Lokacin da ya rasu ban san lissafin shekarun boko ba, saboda haka ba da lamba na riƙe shekarar ba. Da akwatin rediyo na riƙe ta. Shekarar da aka kawo shi ƙofar maigarinmu, aka ɗora bisa turmi, muka taru muna jin mutum yana magana daga Yamai, a daminarta Nomau ya kwanta bai tashi ba. Damina ta huɗu ce bayan samun mulkin kai. Yanzu da Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya fara bin abin da zuciyata ke faɗa, malaminmu ya ce kowa ya rubuta wa jarida abin da ya sani. Ni abu biyu na sani, rijiya da Nomau, kuma labarinsu ɗaya ne.

Sunana Arzika. Da damina noma nake yi, da rani haƙar rijiya, sana'ar da na taras a gidanmu. Duk wanda ya san Adar ya san ruwanmu ba ya kusa. Sai ka yi gaba ashirin cikin ƙasa kana sarar dutse kafin ka ji sanyin laima a tafin ƙafarka. Ranin farko bayan mulkin kai aka ɗauke mu aikin wata rijiyar siminti a wani ƙauye arewa da Afala, inda mata ke fita neman ruwa da asuba su dawo rana ta take. Shugaban aikin Shef Idi ne, Badamagare, mai ƙaramar murya da dogon haƙuri. Mai riƙe mana igiya Agali ne, mutumin wajen Takanamat, dogo, mai hannu kamar reshen gawo. Nomau kuma an ɗauke shi don ya riƙa wasa mana diga da gyara duk ƙarfen da ya gaji.

Nomau gajere ne, kakkaura, dariyarsa tana riga shi shiga gida. Abin alfaharinsa a duniya shi ne sulɓin aikinsa. In ya gama wuƙa ko ruwan gatari, sai ya goga a kuncinsa, in ya ji ko ɗan ƙaiƙayi ya mayar bisa maƙera. Haka ubansa ya koya masa, haka duk maƙeran da na sani suke gani: ƙarfen da bai yi sumul ba, aikinsa bai ƙare ba.

A wannan aiki aka kawo mana abin da ba mu taɓa amfani da shi ba, injin hannu mai naɗe igiya. Ana kafa shi a bakin rijiya, mutum ɗaya ya juya mariƙinsa, ya saukar da mahaƙi ko ya hawo da guga cike da ƙasa. In ana hawowa, akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran inji, ko ka saki ba abin da zai koma. Amma in ana saukarwa dole a ɗage harshen. A lokacin nan ran wanda ke cikin rijiya yana tafin hannun mai riƙo, babu wani abu kuma.

Wurin da hannu ke kamawa a mariƙin nan ba sumul yake ba. An yi masa ƙananan tsage-tsage gicciye, wasu sun karkata dama wasu hagu, tsakaninsu ƴan ƙwayoyi sun taso kamar an jera gero. Ranar farko Nomau ya shafa shi da babban yatsa, ya girgiza kai.

"Nasara ya yi gaggawa," in ji shi. "Ya ƙera inji tun daga ƙasa har ya kawo ga mariƙi, sai yunwa ta kama shi ya tahi cin abinci."

Muka yi dariya. Agali kuma ya buɗe tafinsa ya nuna mana inda kaushin ya fara sa masa kanta.

Wata Juma'a Shef Idi ya tafi Tawa neman siminti, mu kuma muka tafi masallaci Afala. Nomau ya ce cikinsa yana murɗa, ya zauna. Ashe ba ciwo ba ne, alheri ya shirya wa Agali. Ya kwance mariƙin, ya sa magagari, ya bi da yashi mai laushi, ya bi da tsumma da mai. Da muka dawo da la'asar muka taras da shi zaune ya harɗe, mariƙi yana walƙiya a gabansa har kana ganin hancinka a ciki.

Ina so masu karatu su san wannan: ba wanda ya ce an yi kuskure. Agali ya shafa ya ce kamar wuyan amarya. Ni da kaina na ce yau inji ya samu maƙeri. In akwai wauta a ranar, mu duka muka ci ta a ƙwarya ɗaya.

Washegari muka kai ga laka, alamar ruwa ya kusa. Agali shi ke juye guga, hannunsa duk taɓo, ga zufar rani. Bayan hutun hantsi na zauna bisa sandar da ake ɗaure wa igiya, aka ɗage harshen ƙarfe, aka fara saukar da ni. Ina kallon bangon rijiya yana wucewa a hankali kamar kullum. Saura gaba biyu in taka ƙasa, sai na ji igiya ta zama ba kowa a bayanta. Mariƙi ya suɓuce daga hannun Agali, ya juyo da gudu ya buge shi a baki, ni kuwa na faɗa cikin laka bisa ƙafar hagu.

Abin da na fara ji bayan hankalina ya dawo shi ne muryar Nomau tana gangarowa daga sama.

"Arzika! Arzika! In ka mutu ka gaya mini!"

Na ce, "Na mutu."

"Alhamdu lillahi!" in ji shi, na ji yana kuka.

Suka hawo da ni, tunda hawowa akwai harshen ƙarfe. Maɗori ya ce ƙashin idon sawu ya tsage. Agali ya tofar da haƙori ɗaya na gaba, ya ɗauka ya duba, ya sa a aljihu.

Da Shef Idi ya dawo ya ga mariƙin, bai ɗaga murya ba. Ya zauna bisa buhun siminti ya yi mana bayani kamar mai koya wa ɗiyansa alwala. Kaushin nan da gangan aka yi shi. Akwai injin da aikinsa ke nan, ya sa wa ƙarfe wannan zane don hannu mai zufa ko mai ko taɓo ya samu abin kamawa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauka irin yadda ta Nomau ta sauka ba. Wuni guda ya ɓata yana goge abin da aka sa don kada in faɗi.

Shef ya ce masa ya naɗe zugazuginsa ya koma Bambeye. Amma korar Nomau ba ta gyara komai. Wani mariƙin babu shi a Tawa a lokacin, sai an aika nesa, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. Muka gwada naɗa masa fata, da ta jiƙe sai ta riƙa juyawa a kan ƙarfen. Mahaƙa biyu da ke tare da ni suka ce ba mai shiga ramin nan sai sun ga na shiga. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma. In ruwan sama ya sauka kafin mu kai ga idon ruwa mu ɗaure ƙasan rijiyar da siminti, za ta rufta, aikin wata huɗu ya tafi, matan ƙauyen su koma tafiyar asuba wata shekara.

Nomau ya durƙusa gaban Shef ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na cire shi. Ka bar ni in maida shi. In ƙahwar Arzika ta warke ban gama ba, ka kore ni da tsakar rana."

A gindin aduwar da aka shimfiɗa mini tabarma ya kafa maƙerarsa, don haka duk abin da ya yi a idona ya yi. Wahalarsa ta farko ita ce ya goge malaminsa. Bai rage komai na zanen ba sai wani ɗan zobe, faɗin yatsa ɗaya, kusa da lanƙwasar mariƙin, inda magagari ya kasa shiga. Kwana biyu ya yi yana kallon zoben nan, yana ƙidaya layukan da bakin allura. Daga nan ya samo dabara. Ya naɗa zare a jikin ƙarfe a karkace, tazara daidai, ya kara a hayaƙi, ya warware, inda zare ya kwanta ya bar farin layi. Sai ya bi layin da gefen magagari. In ya gama zagaye ɗaya, ya sake naɗa zaren ta ɗaya hannun, ya gicciya.

Bai taɓa mariƙin ba sai da ya ɓata guntayen ƙarfe da yawa. Na farko ya yi zurfi, ya yanki tafinsa. Na biyu bai kai ba, hannu ya wuce salin-alin. Matan ƙauyen da ke kawo mana fura suka zama alƙalansa. Sai ya ce su jiƙa hannu su riƙe, shi kuma ya murɗa. Wata tsohuwa, Inna Hajo, ita ta fi sa shi gaba.

"Maƙeri, jiya ka goge, yau kana zanawa. Gobe mi za ka yi, ka sake gogewa?"

"Inna, riƙe dai ki gaya mini."

"Wanga yana cizo kamar kare. Wancan kuma ba shi da haƙori, kamar Agali."

Agali ya rufe bakinsa da rawani, ya juya mata baya, muna ta dariya har ƙafata ta motsa na yi ƙara.

Ranar da Inna Hajo ta riƙe wani guntu ta ce, "Wanga ya riƙe ni, bai cije ni ba," ranar Nomau ya ɗauki mariƙin gaske. Kwana goma sha tara aikin ya ci tun daga farko, da magagari uku da suka cinye haƙoransu.

An maida mariƙi jikin inji, Shef ya sa aka ɗaura buhun yashi, aka saukar aka hawo sau uku lafiya. Ya ce ya gamsu. Nomau ya ce shi bai gamsu ba.

"Buhun yashi bai goge komi ba," in ji shi. "Ni na goge."

Wannan mutum ko rumbu ba ya hawa. In ya leƙa rijiya sai ya kama rigar na kusa da shi. Amma ya karɓi man shanu wajen matan, ya kwaɓa da taɓo, ya shafe tafin Agali da hannunsa har yana ɗiga, sannan ya zauna bisa sanda ya rufe ido. Aka ɗage harshen ƙarfe. Tun kansa bai ɓace ba ya fara wasiyya.

"Ku shaida, zugazugina na Arzika ne, ko da bai iya hura wuta ba! Ku gaya wa matata Dije na yahe mata ƙosan da ta hana ni!"

Agali yana juya mariƙi a hankali, jijiyoyin hannunsa sun tashi, ya ce ta gibin haƙorinsa, "Rufe baki, maƙeri. Nauyinka ya ishe ni, kada ka ƙara mini na magana."

Ni ina tsaye da sanda, idona a kan hannun Agali kawai. Man shanu yana fitowa ta tsakanin yatsunsa, amma hannun bai gusa ba ko faɗin gashi. Igiya ta yi sako-sako, alamar ya taka ƙasa. Can sai murya ta taso.

"Arzika! Sama ta koma kamar bakin tulu! Nan kake wuni? Wallahi ku mahaukata ne, ku hidda ni!"

Ba zan ɓoye ba, ko bayan haka zuciyata ba ta kwanta nan take ba. Tun ranar faɗuwa, duk lokacin da na tuna igiyar nan da ta zama ba kowa a bayanta, sai in ja da baya daga bakin rijiya. Da safe na je na kama mariƙin da hannuna. Na ji ƴan ƙwayoyin sun shiga tafina sun zauna, ba zafi, kamar hannun mutum ya riƙe nawa. Na duba layukan, ba su miƙe tsaf kamar na Nasara ba, nan ya ɗan faɗaɗa, can ya ɗan matse. Na san a gaban idona aka ja kowane ɗaya. Na zauna bisa sanda na ce wa Agali bismilla. Sauran biyun suka biyo ni. Kwana tara bayan haka ruwa ya ɓullo mana har gwiwa, muka ɗaure ƙasan rijiyar, kuma ruwan sama na farko ya same mu muna kwance kaya. Guɗar da matan nan suka yi, har yau in na rufe ido ina jin ta. Inna Hajo ta ɗebi ƙwaryar farko ta sheƙa wa Nomau a ka.

Bayan damina Shef Idi ya kai mu Tawa, wani garejin gyaran motoci inda ke da injin da ke juya ƙarfe, wanda suke kira tur. Mai aikin ya ɗaura sandar ƙarfe, ta fara juyawa, ya matso da wasu ƴan ƙafafu biyu irin na keke, masu haƙora, sunansu molet, ya danna. Kafin mutum ya shanye ludayin fura uku, zanen ya fito tas, ya fi na Nomau kyau nesa. Na saci kallon abokina, ina tsoron ransa zai ɓaci, kwana goma sha tara ga shi an yi a numfashi kaɗan. Sai na ga bakinsa a buɗe. Ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai, yana cewa a sake, don Allah a sake. Sau huɗu aka sake masa. A na huɗun ya tsuguna kusa ya ce, "Arzika, dubi, babu gari yana zuba. Ba yanka shi yake ba, danna shi yake, ƙarhen ya taso da kansa." Mai aikin ya dube shi da mamaki, ya ce shekararsa biyu a kan injin kafin ya lura da haka. Ya ba shi wata tsohuwar molet da ta gaji, Nomau ya ɗaure ta a bakin zanen da yake ɗamara da shi.

Da ya koma Bambeye ya ƙera wa kansa wani ƙarfe mai haƙora a baki, ya riƙa buga shi a kan ƙarfe mai zafi, zanen ya taso ba sai ya kashe magagari ba. Shekara uku da suka rage masa, duk abin da hannu zai kama ya fita daga maƙerarsa da kaushi: ƙotar wuƙar mahauta, hannun awartaki, mariƙin guga. Ruwan wuƙar kuwa yana nan sumul, yana goga shi a kunci kamar da. Ya kan ce ya koyi tambayar ƙarfe abu ɗaya kafin ya taɓa shi: wa zai riƙe ka, kuma da wane irin hannu?

Ranar da aka kawo rediyon da na ambata, ya zo mini ziyara, tari ya riga ya fara damunsa. Kowa ya kasa kunne yana jin labarin Yamai, shi kuwa ya matsa ya sa yatsa a kan abin murɗawa, ya juyo yana murmushi ya ce, "Ga shi nan ma."

Sau da yawa ina tambayar kaina abin da zai ce da ya ga Tawa ta yau. Kekuna sun yi yawa, fitilun ƙwai sun shiga ƙauyuka, injunan niƙa suna kuka a unguwanni. Na tabbata da ba zai wuce ko ɗaya ba sai ya shafa, ya nemo inda aka sa wa hannu wurin zama, ya yi murna kamar ya haɗu da ɗan garinsu. A kasuwa kuma na ga samarin maƙera suna yin zanen a kan wuƙaƙe, suna kiransa zanen Bambeye, galibinsu ba su san wanda ya fara shi a nan ba. Wasu sun maida shi ado, suna sa shi a inda hannu ba ya zuwa, su bar wurin riƙo sumul. Da ya gani ba zai yi faɗa ba. Zai sayi man shanu ya shafa wa maƙerin a hannu, ya ce riƙe mu gani.

Ni ma ya bi ni har aji. Makon farko fensir ya riƙa zamewa daga yatsuna, hannun da ya saba da diga bai san riƙon abu siriri ba. Na sa wuƙa na yi masa ƴan tsage-tsage gicciye kusa da baki. Da shi nake rubuta wannan.

Abin da ya fi zama mini a rai game da Nomau ba gwanintarsa ba ce, don mai tur ya fi shi. Mutum ne da ya yi kuskure a gaban jama'a, aka yi masa dariya kwana goma sha tara yana taya masu dariyar, bai ɗora wa Nasara ba, bai ɗora wa zufar Agali ba, kuma da ya gama gyara ya ɗora kansa a kan igiyar kafin ya bar ni in hau. Mariƙin yana nan yana aiki. Rijiya bakwai muka gama da shi bayan waccan, har yanzu Agali ne ke riƙe shi, ba wanda ya sake faɗuwa. Dije tana nan Bambeye, molet ɗin tana cikin ƙwaryar kayanta, kuma har yau tana cewa ƙosan nan ba hana shi ta yi ba, ya riga ya ci bakwai.

Da na iya lissafi na zauna na ƙidaya abin da muka rasa a cikin wannan labari. Kwana goma sha tara na aiki. Magagari uku. Haƙorin Agali ɗaya. Miƙaƙƙiyar tafiyar ƙafata ta hagu. Da Nomau, Allah ya jiƙansa.